Waken Nomau Dubu Goma da Bakwai

'Ya'ya uku na haifa: Barau, Korau da Nomau. Biyun farko suna da hankali. Nomau kuwa, ga shi da gemu, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. A shekarar da fara ta cinye gonaki, tiya guda ta irin wake ce ta rage mana. In ba a shuka ta ba, babu abin da za mu ci baɗi.

Wata rana na ce, "Nomau, ƙirga irin nan, kada a riƙa tsamewa." Ya shimfiɗa tabarma, ya kama ƙwaya-ƙwaya. Kwana uku bai ba awaki ruwa ba, har akuya ɗaya ta mutu. Ya zo yana murna: "Iya, dubu goma da bakwai ne."

Wata rana ruwan shuka ya sauka. Na ce, "Raba wa yayyenka, kada wani ya fi wani ko da ƙwaya ɗaya." Ya raba biyu, ɗaya ta rage. Ya sa kansa a ciki ya raba uku, biyu suka rage. Ya sa ni ya raba huɗu, uku suka rage. Barau ya ce, "Kai, dabba, tauna su mu huta!" Nomau ya ce, "Iya ba ta ce a tauna ba." Suka dube ni. Ni kuwa ba na magana biyu a gidana.

Wata rana Korau ya kira Malam Sabo na firamare. Ya yi ta rubutu a ƙasa, ya ce, "Wannan adadi ba ya rabuwa. Ko dai a bar shi a dunƙule, ko a kasa shi kashi dubu goma da bakwai, kowane kashi ƙwaya ɗaya." Nomau ya fita ƙirga mutanen gari har da jarirai, ya samu ɗari huɗu, ya dawo yana kuka. A lokacin shukar kowa ta tsiro, tamu gonar ƙasa ce ja. Barau ya ɗaure kayansa ya tafi ci-rani, ko sallama bai yi mini ba.

Wata rana Nomau ya ce tunda mutane ba su isa ba, ramuka za su isa. Ya rataya irin a wuya, ya hana a jefa ko ɗaya sai ramukan sun cika. Kwana ashirin yana sara yana ƙirgawa, ni ina zaune ina jiran yunwa. A kwanakin nan ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shukar gari kaf. Ranar da ya sari ramin ƙarshe hadari ya haɗo.

Waken nan shi ya riƙe mu, da shi gari ya samu iri. Barau bai dawo ba har yau. Da muka sussuke na buɗe baki zan ce wa Nomau ya adana, sai na ga yana shimfiɗa tabarma. Na ɗauki buhun da kaina.