Wa Zai Sauka a Taɓo?

Tsakanin Unguwar Ɗinya da Tsallake akwai fadama, kuma in damina ta yi nisa hanya ɗaya ce tal ke ratsa ta, wata 'yar turba mai tudu da ba ta ɗaukar mutum biyu. Hagu taɓo, dama taɓo. Shi ya sa mutanen wurin ke da ƙa'idarsu tun kaka da kakanni: in an yi kiciɓis a tsakiya, marar kaya ya sauka wa mai kaya. In kuwa duk hannu rabbana suke, ƙarami ya naɗe wando ya shiga taɓon, babba ya wuce.

Duk garin ba wanda ya mori wannan ƙa'ida kamar Malam Tanimu tela. Ya san shekarar haihuwar kowa, kuma ko ta wane lissafi aka bi shi ne babba. Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Ilu mahauci, abokin wasansa tun suna yara. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, amma Tanimu ya kafe cewa ya riga Ilu fara tafiya, saboda haka duk damina Ilu ke wanke ƙafa, shi kuwa ya wuce yana gyaran murya.

Ana nan sai Allah ya jarrabi Malam Tanimu da son wata bazawara a Tsallake, Tabawa mai sayar da daddawa. Son kuwa ba na wasa ba, har barci ya ƙaurace masa. Matsalar ita ce Tabawa ta faɗa wa duk mai kunne cewa ta gama jinyar tsoho ɗaya har ta kai shi kabari, ba za ta ɗauki wani ba. Nan da nan Tanimu ya sayo rinin gashi ya mai da gemunsa baƙi wuluk, ya jefar da sandarsa bayan ɗaki, ya kuma shaida mata cewa bai daɗe da cika arba'in ba.

Ranar da ta ce ya zo ya ji amsarta, ya ɗauko farar shaddar da ya ɗinka wa kansa, ya feshe ta da turare, ya kama turbar fadama da la'asar. Ya kusa ƙetarewa, har yana hango Tabawa a bakin ruwa tana wankin ƙorai, sai ga Ilu ya tunkaro shi, gemu fari fat kamar auduga.

Ilu ya dubi shaddar, ya waiwaya ya dubi Tabawa, ya gane komai. Sai ya sunkuya ya fara naɗe wando a hankali, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Bari in sauka maka, Yaya, kamar yadda na saba."

Malam Tanimu ya tsaya cak. In mai wannan furfura ya kira shi yaya a gaban Tabawa, ai kuɗin rini sun tafi a banza, auren ma ya bi su. Ya yi ta ƙifta masa ido, ya yi masa alkawarin riga kyauta cikin raɗa, Ilu ya yi kamar kunnensa ya toshe. Sai ma ya ƙara da cewa shi ba a haife shi da rashin kunya ba, ba zai fara ta yau a kan wansa ba, ya miƙa ƙafa ɗaya zai zura.

"Haba Baba Ilu," in ji Tanimu da ƙarfi, "ina ni ina sa dattijo a taɓo?"

Ya tattare shadda ya yi tsalle irin wanda rabonsa da shi tun yana kiwon awaki. Taɓon ya karɓe shi har cinya. Ilu ya warware naɗin wandonsa, ya sa masa albarka, ya ce Allah ya ba shi masu yi masa, ya wuce yana gyaran murya.

Malam Tanimu ya ja ƙafar dama, takalmi ya zauna a ƙasa. Ya ja ta hagu, tsohon ciwon gwiwarsa ya tashi. Ya dafa turba ya yunƙura, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Gumi ya keto masa, rinin ya fara gangarowa kan wuyan shadda. Da ya ɗaga kai sai ya ga Tabawa ta kife ƙwarya ta zauna a kai, ta yi tagumi tana kallonsa.

Ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce, "Kin dai gani da idonki, Tabawa. Wanda ya shiga taɓo shi ne yaro."

"Na gani, Malam," in ji ta. "Shigar kam ta samari ce. Fitar nake jira."