Hular Yaya Auke

"Ni tsuntsaye sun san muryata," in ji yayana Auke. "In na yi fito a nan, har na Ingila sai sun waigo."

Ku kuwa ku sani, mutumin nan ko agwagwar roba ba ya bambanta ta da mai rai. Amma da ya ji maƙwabciyata Hiltje, wadda mijinta ya rasu, ba ta da abin so kamar kallon tsuntsaye, sai ya wayi gari malaminsu. Aurenta yake so. Ni ma ina so ya samu, don na gaji da wanke masa safa, ga nawa yaran.

Ranar Asabar muka tafi gandun tsuntsaye na bakin teku, ni da shi da Hiltje. Na cika jaka da burodi da cuku, da maganin ciwon kai, da wandon mijina ko da wani abu zai faru. Kullum dariya ake mini kan jakar nan. Gogan naku kuwa ya sha sabon takalmin roba har gwiwa, da hula da ya soke da ciyayi, wai kada tsuntsaye su gane shi.

Muka shiga rumfar katakon da ake leƙe ta taga. Ga wasu masu kallo a ciki da madubin hange, kowa tsit. Hiltje ta yi raɗa cewa da ma fararen tsuntsayen can sun matso kusa. Shi ke nan, sarkin fito ya miƙe.

Na riƙe masa riga. "Yaya, don Allah, ba a sauka daga kan katakon nan."

Ya ce wannan dokar ta baƙi ce.

Ya sauka ya yi fito ɗaya, tsuntsayen suka tashi kaf. Ya bi su da gudu, laka ta kama shi har gwiwa. Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta nutse. Tunda babu sauran tsuntsu, 'yan rumfa suka juya madubin hangensu kansa. Wani tsoho har yana ba mu bayani a hankali, wai yanzu ya fara kaɗa fukafukai. Ni kuwa ganin ruwan teku ya fara cikowa yana dawowa kan lakar, ina tunanin me zan gaya wa Mama.

Da tsani da igiya aka tumɓuke shi kamar karas. Takalmi ya zauna a laka, wando ya ƙi rabuwa da takalmi, iska ta kai hula cikin ciyawa. Ranar babu wanda ya yi wa jakata dariya.

A mota ya ce zurfin lakar yake aunawa.

Bayan 'yan makonni Hiltje ta shigo da hoto, ta tarar da shi ya kawo mini wanki. Wasu tsuntsaye biyu sun yi sheƙa cikin hular, har da ƙwai. An zagaye wurin da igiya, ko mai hular an hana shi kusanta.

Auke ya buga ƙirji. "Ban gaya miki sun san ni ba?"

Hiltje ta mayar da hoton jaka. "Hular dai suka sani, Auke. Ka ga ta yi sa'a da ta rabu da kanka, har ta riga ka yin iyali."