Rasuwar Gajere, Turmin Gidan Malam Cindo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsan ƙafa naɗe cikin tsumma, Malam Cindo Gado, malamin gona mai zagaya ƙauyukan Mayahi, yana sanar da dangi da abokan arziki, na nan gari da na Tasawa, rasuwar Gajere, turmin gidansa. Marigayin ya cika ranar Lahadi da hantsi, a tsakar gida, yana bakin aiki, da moto, wato babur, bisa kansa.

An sassaƙa shi a Atantane, daga gindin kirya, a shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kanta. Namadi masassaƙi ya so ya fitar da dogon turmi, sai ya tarar da kogo a kan icen, ya datse wurin. Abin da ya rage ya fito gajere, kakkaura, mai faɗin gindi. Inna Lalla ta gan shi a kasuwa, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ji amonsa, ta sa shi cikin kayan auren 'yarta Zuhura. Bisa jaki ya iso gidan Malam Cindo a Mayahi, gaba da amarya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya daka gero, ya daka dawa, ya daka soyayyar gyaɗa har ta ba da mai, bai taɓa furzar da tsaba waje ba. Muryarsa mai kauri ce, dum, dum, dum, irin wadda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Maƙwabta ko ba su leƙo ba sun san Zuhura ta tashi.

Aikinsa na biyu ya same shi ne lokacin da gyaɗa ta yi daraja, ma'aikatar gona ta ba Malam Cindo moto don ya riƙa kai iri da shawara ƙauyuka. Moton lafiyayye ne, amma rairayin Mayahi ba ya raga wa sarƙa, ƙaya kuma ba ta raga wa taya. Mai gyara sai Tasawa. Dole Malam Cindo ya koyi gyara da kansa, sai dai gyaran ƙafar baya ba ya yiwuwa sai an ɗaga ta sama, ƙarfen da moton ke tsayawa a kai kuwa da an kafa shi sai ya nutse cikin rairayi. Ya gwada tubali, tubali ya marmashe. Ya rataye moton da igiya a reshen icen bedi, reshen ya sauko tare da moton. Yana tsaye yana share gumi, idonsa ya faɗa kan Gajere.

"Zuhura, ara mini turminki, yanzu in maido."

"Me za ka daka, Malam?" ta tambaya daga ɗaki.

"Ba daka ba ce. Ɗan zama kawai za a yi bisa shi."

Ya kira maƙwabcinsa Mumuni, tsohon ɗan kokawa wanda har yanzu ke neman abin da zai ɗaga. Suka kifa turmin, suka ɗan binne bakinsa cikin rairayi, suka ninka buhu a kai. Mumuni ya rungumi bayan moton ya cira, Malam Cindo ya daidaita cikin injin bisa buhun. Taya ta tashi sama tana juyawa ita kaɗai. Malam Cindo ya ja da baya yana kallo, daɗi ya cika shi kamar shi ya ƙera moton.

Abin da Zuhura ta faɗa da ta fito ba zai shiga cikin sanarwar rasuwa ba. Ya isa a ce Mumuni, wanda ya kayar da maza a fagen kokawar garin Kanan Bakashe, ya tuna yana da aiki a gida.

Daga baya aka yi sulhu. Sauran ranakun mako Gajere nata ne, Lahadi kuwa nasa, bisa sharaɗin in ya gama zai wanke shi da hannunsa, da toka da sabulu. Haka mutanen unguwa suka saba ganin ma'aikacin gwamnati tsugune yana cuɗa turmi. Sau ɗaya ya yi ha'incin wanki, baƙin da suka zo daga Tasawa suka sha fura mai ƙanshin isansi, man da moto ke sha. Suka shanye, suka yi godiya, babbansu ya ce geron Mayahi dai daban yake.

Shekaru marigayin ya yi yana riƙe da ayyukan nan biyu ba tare da gunaguni ba. In an ɗora masa moto, iyakarsa ya ce "ƙit" sau ɗaya, ya gyara zama. A kansa aka liƙe taya, a kansa aka ɗaure sarƙa, a kansa Malam Cindo ya koyi bambancin notin da ake juyawa da wanda ake bari da halinsa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da 'yar tsaga a leɓe, siririya kamar zare. Zuhura ta fara ganewa, don muryar ta sauya, dum ta koma dab. Ranar kasuwa aka kira Namadi ya duba shi. Ya shafa tsagar, ya ɗaure wuyan turmin da ɗanyar fata, ya ce daka a hankali ba laifi, amma kaya mai nauyi a'a. Malam Cindo ya yi alkawari, kuma ya riƙe shi rani guda cur. Ko taya ta sace, sai ya tura moton gidan Mumuni su yi ta fama da duwatsu.

Sai ruwan shuka ya sauka ranar Asabar, mai yawa. Manoman ƙauyen Sarkin Hausa na jiran irin gyaɗa da ke jibge a zauren Malam Cindo, in ƙasa ta bushe kafin ya isa kuwa, shukar bana ta wuce su. Da safe ya duba moto, ƙafar baya a kwance, ƙaya ta shige ta har gindi. Duwatsun gidan Mumuni sun nutse cikin taɓo. Ya tsaya tsakar gida, ya dubi moto, ya dubi buhunan iri. Turmin ne kawai bai duba ba, don ya yi alkawari.

Zuhura ce ta mirgino shi da kanta, ta tsayar a gabansa.

"Yi sauri, Malam. Kada ka daɗe masa."

Mumuni ya ɗaga, aka ɗora. Malam Cindo ya cire taya, ya liƙe, ya zauna ƙasa ya miƙa ƙafafunsa ƙarƙashin injin don ya mayar da ita. Nan marigayin ya yi wata magana da bai taɓa yi ba: "ƙiiii." Malam Cindo ya zaci ƙyauren zaure ne. Ya sake: "ƙiiii, ƙaƙ."

"Malam, janye ƙafarka!"

"Dakata, noti ɗaya ya rage."

Zuhura ba ta dakata ba. Ta yar da ƙwaryar hannunta, ta cafki wuyan rigarsa ta baya, ta ja shi cikin rairayi kamar buhun gero. Gajere ya daure har gwiwoyin suka fita, har ƙwaurin ya fita. Sannan ya ce "ɓaras," ya rabe biyu. Moton ya faɗi da dukan nauyinsa, bai samu komai ba sai babban yatsa.

Malam Cindo na zaune yana riƙe da yatsan, ya dubi ɓarin turmin nan biyu, kunya ta rufe shi fiye da zafi.

"Zuhura, na kashe miki turmin Inna."

"Turmi ana sassaƙa wani a Atantane," in ji ta. "Ƙafa fa, wa ke sassaƙa ta?"

Ta tsugunna ta haɗa ɓarin biyu, ta riƙe su haka na ɗan lokaci, sannan ta ce hayaƙin murhu ne ya shigar mata ido, ko da yake ba a hura wuta ba tukuna.

Irin dai ya isa. Mumuni ya ɗaura wa jakinsa amalanke, aka loda buhuna, aka ɗora Malam Cindo a sama da ƙafa a miƙe. Mutanen Sarkin Hausa suka shuka da sauran laima a ƙasa.

Marigayin ya bar taɓarya, abokiyar zamansa, wadda tun ranar take jingine a bango ba ta ce uffan ba. Ya bar faifai da rariya da ƙorai masu yawa. Ya bar Zuhura, da Malam Cindo mai ƙafa biyu cif.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan rumbu, domin Zuhura ta ce ko ice ya ƙare a duniya ba za a sa Gajere a murhu ba. Mumuni zai haƙa rami. Liman ya ce shi ba ya yi wa ice salla, amma zai zo cin tuwo. Ana roƙon mata masu zuwa gaisuwa su taho da gari dakakke, tunda gidan ba abin daka. Kada dai wata ta ce za ta taimaka ta kawo aron turminta. Moton na nan kwance a tsakar gida, noti ɗaya ya rage, kuma an ga Malam Cindo yana ɗingishi yana leƙen katangar maƙwabta.