Takalmin Fata a Gidan Masu Cin Ganye

"Lafiya lau, in wannan ma ana kiran sa lafiya. Shigo mana, kin tsaya a bakin ƙofa kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa."

Tsohon ne ke amsa wa jikarsa daga kan kujerar da ke jikin taga. Baduku ne, ya fi shekara hamsin yana yanka fata yana ɗinka takalma, har zuwa wata huɗu da suka wuce da ya yanke jiki ya faɗi a shago. Ya farfaɗo a asibiti hannun hagu ba ya motsi. Likita ya rubuta masa takarda: ban da jan nama, ban da kitse, a rage gishiri, a yawaita ganye da hatsi da wake. Jikar, wadda ta karanci likitancin dabbobi, ita ke yi masa cefane duk Asabar. Tun tana rarrafe yake ce mata amaryarsa, ita kuma da ta yi baki ta raɗa masa angon tsiya.

"Angon tsiya, ka ga amarya da kaya niƙi-niƙi, ko ka motsa?"

"Amaryar da ke shigowa da buhun ciyawa? Na zaci mai kiwon zomaye ce ta yi ɓatan hanya."

"Ga zomon da na zo kiwo nan a zaune. Kunnuwa sun yi tsawo, haƙora biyu suka rage."

"Huɗu ne. Ƙirga da kyau, ke da aka ce kin yi jami'a."

Ta dire ledojin a kan tebur ta shiga fito da kaya: kabeji, karas, alayyafo, wake, gyaɗa, da wani farin kwali.

"Wannan kuma fa?"

"Madara ce."

"Ta wace saniya?"

"Ta waken suya."

"Ikon Allah! Yanzu wake ma tatsar sa kuke yi? Ta ina ake kama shi, ko shi ma sai an ɗaure masa ƙafa?"

"Sha dai za ka yi, ba auren sa za ka yi ba da za ka tsaya binciken asali."

Ya jawo ledar da hannun dama ya leƙa ciki, ya girgiza ta. Babu sauran komai.

"Ina kifin?"

"Yana cikin ruwa, yana gaishe ka."

"Zumar fa?"

"Tana wurin masu ita."

"Miƙo min takardar likita. A'a, bar ta, na haddace ta. Kifi sau biyu a sati. Ƙwai ɗaya in an so. Zuma cokali guda maimakon sukari. Mutumin da ya hana ni komai na duniya ya ji tausayina ya bar min waɗannan ukun, ke kuma kin bi ta baya kin kwashe."

"Na sayo maka abin da ya fi su."

"Na aike ki abin da ya fi su? Haba amarya. Ai na ɗauka yanzu garkenmu ɗaya, ni tsohon bunsuru, ke 'yar akuya, mu haɗa kai a kan kabeji mu rufa wa juna asiri."

"Allah ya kiyaye. Kwanonmu ne ya yi kama, mu ba mu yi ba. Kai tsoron kabari ne ya raba ka da nama. Gobe likita ya ce jijiyoyinka sun buɗe, kafin ya rufe baki kana gaban mahauci, da sandarka da komai."

"Da gudu ma. Sandar zan bar masa ajiya."

"To ka gani. Kai abin da ke cikin kwano kawai aka canja maka, don zuciyarka. Ni ba wanda ya rubuta min takarda. Ko lafiyata ta fi ta doki, ba na cin abin da ya fito daga jikin dabba, ba na sha, ba na sawa. Naka magani ne. Nawa ba don kaina nake yi ba."

"Wato ni an ɗaure ni, ke kin ɗaure kanki, sannan kina yi min kallon fursuna. To ƙudan zuma me na yi musu? Na zagi uwarsu?"

"Abincinsu ne, su suka sha wahalar tarawa."

"Ni ma na sha wahalar tara haƙoran nan huɗu, ga shi kin hana su aiki. Yarinyar da na sani da ƙashin kaza a hannu tana tsotsa, maiƙo har gwiwar hannu, in aka karɓe ta yi birgima, yau ita ce lauyar kaji. Abin da Allah ya halatta..."

"Ban ce haramun ne ba, tsoho. Na ce ba na iyawa." Ta daina jera kayan. "Wata shida na yi a mayanka ina duba dabbobi kafin a yanka. Ranar nan aka shigo da wata saniya, na ce tana da ciki a mayar da ita, aka yi min dariya. Da aka farke ta ɗan yana motsi. Ya yi motsi a ƙasa, a gaban takalmina, wani ya ture shi gefe da ƙafa don a samu hanya. Tun ranar ban ƙara iyawa ba."

Tsohon ya shiga murza mataccen hannun da mai ran.

"Wannan rashin imani ne, ko ni da ina wurin sai na mari wani. Amma kifina ba shi da ciki."

"Ka duba shi ne?"

"Ke kin duba waken da kuke tatsa?"

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne. "Shi ke nan. Kwanonka na likita ne, ba nawa ba. Zan gaya wa Mama ta sayo maka kifin da zumar. Amma ni hannuna ba zai ɗauko ba."

"Madalla da amaryar da ke aiko uwarta ta ciyar da miji. To tunda kin ambaci takalmi, durƙusa ki jawo min kwalin da ke ƙarƙashin gadon nan."

Ta san kwalin tun kafin ta taɓa shi. Ta jawo ta ajiye a kan cinyarsa, ya ture murfin da yatsa. Takalmi ne na mata, ruwan ƙasa, fata mai laushi, ɗinkin ƙanana a jere kamar an auna da allura. Ƙasansa ko ƙura bai taɓa gani ba.

"Uwarki ta kawo min shi. Ta ce a bayan kabad ta tsince shi tana shara. Na ce ƙarya ne, amaryata da shi ta je karɓar takardar gama karatu. Sai ta nuna min hoto. Ga ki nan kin yi tsaf, ƙafa cikin wani abin roba kamar na wankin banɗaki."

"Na yadi ne, ba roba ba."

"Af, na yadi ne. To na ji sanyi."

"Na so in gaya maka. Sai ka kwanta asibiti."

"Sati uku na yi a kansa. A lokacin hannun nan ya fara yi min gardama, allura tana suɓucewa, ina ɗauka ina cewa gajiya ce. Ban auna ƙafarki ba, na san ta tun tana tsawon yatsana. Shi ne na ƙarshe da na ɗinka. Bayan shi ko maɓalli ban ƙara sawa ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Naman da kika bari bai dame ni ba, wallahi, ai ni ma an raba ni da shi. Amma ke ba a kwano kika tsaya ba. Kin bi ni har shagona. Fatar nan ita ta reni ubanki, ita ta kai ki makarantar da kika koyo ƙyamarta. In fata ƙazanta ce, to ni shekara hamsin me nake yi? Warin me kike ji in kin rungume ni?"

"Warin man zafi da rigima." Ta dafa hannun kujerar. "Ban taɓa cewa kai mugu ne ba."

"Ba ki ce ba. Kabad ya faɗa."

Ta zauna a ƙasa kusa da kujerar, ta ɗauki ƙafa ɗaya ta takalmin tana juyawa. Ta bi ɗinkin da babban yatsa har zuwa dunduniya, inda zaren ya ɗan karkace, wuri ɗaya tak.

"Nan ne allurar ta suɓuce?"

"Nan ne. Kar ki gaya wa kowa, sunana zai ɓaci."

"Saniyar mai fatar nan ta riga ta mutu," ya ƙara da cewa a hankali. "Ko kin sa ko ba ki sa ba, ba za ta tashi ba. Sau ɗaya, daga nan zuwa ƙofa. In gani."

Ta daɗe tana kallon takalmin. Sannan ta girgiza kai.

"In na sa don kai yau, gobe zan sa don wani. Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoho, ba zan taka shi ba. Amma ba zai koma bayan kabad ba. Ka ba ni shi, a kan teburina na wurin aiki zai zauna. Duk wanda ya tambaya in ce mijina ne ya ɗinka, wani tsoho mai baƙar zuciya, har likita ya tabbatar."

"Takalmi a kan tebur. Me ya rage, ki sa hula a ƙafa?"

"Za ka bayar ko sai na kai ka ƙara?"

Ya dube ta, ya dubi kwalin. Sai ya yi wata 'yar dariya busasshiya wadda ta ƙare da tari, ya mayar da murfin, ya tura mata da hannun dama.

"Ɗauki, 'yar akuya. Duk wanda na ɗinka wa takalmi sai ya dawo min da shi, ko dunduniya ta cinye ko baki ya buɗe. Shekara hamsin ina neman yadda zan yi wanda ba zai lalace ba. Ashe ke zan ɗinka wa."