Ranar da Birin Gammo Ya Duba Min Kai

Kakar shekarar nan ba zan taɓa mantawa da ita ba. Damina ta yi kyau, dawa ta cika rumbuna, hankalin kowa ya kwanta, sai bukukuwa suka yi ta zuwa a jere. Ni kuwa kitso ne sana'ata a Mainika, tun safe har la'asar kan wata yana bisa cinyata. Ana cikin haka aka aiko daga Gammo ta ƙasar Kabo in je in yi wa amarya kitso. Ban taɓa fita aiki wajen garinmu ba, kuma na san idan kan amaryar nan ya yi kyau, sunana ya shiga ƙasar Kabo ke nan.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, nawa kan ya fi wata uku ba a taɓa shi ba. 'Yata Hauwa ce ke yi min, ta yi aure ta koma Kano, ni kuma ina jin nauyin a ce mai kitso ta fita neman kitso. Sai na riƙa tamke ɗankwali sosai (ko maigida bai san halin da ake ciki ba).

Da na isa, aka shimfiɗa min tabarma a gindin darbejiya a tsakar gida. A jikin bishiyar an ɗaure wani jan biri na kakan amarya, wanda ya tsinta yana ƙarami a gonar gyaɗa. Aka ce ba ya cizo. Ba a dai faɗa min igiyarsa doguwa ba ce.

Ina fito da kibiya da mai, ana jiran amarya ta gama wanka, sai na ji nauyi a kafaɗata. Kafin in yi salati, ɗankwalina yana ƙasa. Gashi ya cukurkuɗe, ga amosani, ga furfura, a gaban mata sun fi ashirin. Birin kuwa ya gyara zama, ya shiga buɗa gashin a hankali yana tsinta yana kaiwa baki.

"Baba mai kitso," in ji wata ƙawar amarya, "wannan na bara ne ko na bara waccan?"

Aka kwashe da dariya. Sai kakar amarya, Inna Dije, ta ce, "Ku ƙyale shi, ba kowa yake yi wa ba. Muna kiwo a daji na sha ganin jan biri da mai ruwan toka suna duba wa juna jiki, alhali ba danginsu ɗaya ba. Gaisuwarsu ke nan. In ya gama zai ba ki baya, ke ma ki rama."

Haka kuwa aka yi. Ya sauko, ya zauna tsakanin ƙafafuna, ya juya min ƙeya. Ni kuma hannuna shekara ashirin bai san komai ba sai in kai ya zo gabansa ya kama aiki. Wallahi ban san lokacin da na tsaga gashin da kibiya ba (tsagar ma ta miƙe sosai, in faɗi gaskiya). A haka amarya ta fito ta same mu.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Inna, hannun nan ba zai hau kaina ba."

Na wanke hannu da sabulu har sau uku, na ce a ƙona bakin kibiyar a wuta. Ta ƙi. Aka kira wata maƙwabciyarsu ta yi mata shuku, ni aka ba ni goro da kuɗin mota.

A hanya ba dariyar ce ta fi tsaya min a rai ba, ba kuma aikin da ya kuɓuce ba. Lokacin da yatsun birin nan ke yawo a kaina, duk da kunyar, sai da idona ya so lumshewa don daɗi. Ashe na yi kewar hannu a kaina. Dabba ta san in ta yi wa wani, ta juya baya a yi mata. Ni sai da na je Gammo na koyo wannan.

Washegari bayan na ɗora koko, na ɗauki kibiya da mai na shiga gidan Talatu, maƙwabciyata, wadda kitsonta bai taɓa yi min ba. Na cire ɗankwali da hannuna, na zauna a gabanta, na ce, "Yi min ko wane iri kika iya."