Baƙar Wayar da ke Aljihuna

"Kawu, tafi ta'aziyyarka Zermu hankali kwance," na ce, ina bugun ƙirji. "Na'urar nan za ta yi ban-ruwa da kanta."

'Yar ƙwaƙwalwar lantarki ce na haɗa, mai umartar famfo ya tashi safe da yamma. A ɗakina na Damagaram ta yi aiki, domin batir guda suke sha. A garkar Kawu ta Guna kuwa, don gwaninta, na ba kowa batirinsa, na ja wayar umarni kaɗai. Baƙar wayar mas, wato ta negatif, wadda sai ta haɗa batiran biyu ƙwaƙwalwa da famfo suke jin juna, tana aljihuna. Ko gwadawa ban tsaya yi ba.

Kwana huɗu ƙwaƙwalwa na ba da umarni, famfo bai ji ba.

Tattasan da ya bushe, irin ƙarshe ne da marigayiya matar Kawu ta adana. Da ya dawo, ya durƙusa, ya murza ganye guda. "Ba komai, ɗana," ya ce. Da ma marina ya yi.

Har yau in mutum biyu suka daina gaisawa a Guna, sai a ce, "Ku nemo injiniya, wayar tana aljihunsa."