Karen Tsohuwar Tozai

Ba zan taɓa mantawa da rangadin farko da Bature ya kawo mana Illela ba, kuma ba don Baturen ba, sai don wani ƙanjamammen kare mai yagaggen kunne.

Lokacin ba a daɗe da kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Kwanni ba. Mutum ya kwana da gonarsa guda, ya wayi gari a ce masa rabinta ta Ingilishi ce, rabi ta Faransa. Ni kuwa saurayi ne ina fataucin albasa da kanwa a kan jakuna, gemu ya fara tsirowa, ina jin duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni sani. (Gemun bai fi na bunsuru ɗan yaye ba, amma kullum hannuna yana kansa.)

Wata rana na biyo ta Tozai, na tsaya roƙon ruwa, sai na hangi kare kwance a ƙofar wata bukka da jinkarta ta fara zubewa. Haƙarƙarinsa duk a waje, ƙudaje sun yanyame kunnen. Matar da ta ba ni ruwa ta ce na wata tsohuwa ne mai daddawa, ta rasu tun kafin kaka, shi kuwa ya ƙi barin ƙofar.

Zan so in ce tausayi ne ya sa na ɗauke shi. Akwai tausayin, amma ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi yawa, na sha ganin yadda ake ba maharba hanya in sun shigo kasuwa da karnuka a bayansu, ni ma ina son a ba ni hanya.

Na ce mata, "Mi as sunanshi?"

Ta ce, "Wa ya kira ka."

Na ce, "Ba wanda ya kira ni, ruwa na tsaya sha."

Ta yi dariya har ta zubar da sauran ruwan. Ashe sunan karen ke nan. Tsohuwar tana da wani ƙanin miji da ba ya leƙo ta sai an sauke tukunya. Ba ta da halin korarsa, sai ta raɗa wa karenta Wa-ya-kira-ka. Da ya yi sallama, sai ta hau kiran kare.

Na ce a raina, wannan sunan tsofaffi ne, bai dace da karen mutum irina ba. Na sunkuce shi na saka cikin mangalar jaki tare da ragowar albasa, muka yi gida.

Inna, mahaifiyata, ta leƙa mangala ta ja da baya. "Albasa ka tahi saidawa, ka musanyo ta da kare? To, ba ni ba shi. Kak ya kusanci inda nike salla, kak ya kusanci randata."

Ranar kasuwa Baffa Jaɓɓo ya shigo gaishe ta. Bafulatani ne, abokin marigayi mahaifina, rugarsu tana wajen Gidan Katta, kuma tun yana yaro yake tare da karnukan kiwo. Ya tsuguna nesa da karen, bai ko dube shi ido da ido ba. Sannan ya ce:

"Wanga kare takaba yake yi. Kak ka ɗaure shi. Ka nema mai lungu mai inuwa ka bar shi, shi zai hito da kanshi. Kak ka tara mai mutane. Abinci wuri guda, lokaci guda, kuma daga hannunka. In ka koma Tozai, ka roƙo tsumman tsohuwar ka shimfiɗa mai. Suna kuwa ka bar mai abinshi, shi kaɗai ya rage mai duniya."

Na ce, "To, Baffa." Yana fita na ɗauko igiyar jaki.

Wallahi da a ce ya ba ni shawarar in yi akasin abin da ya faɗa, da ban fi haka biyayya ba. Na ɗaure karen a ƙofar zaure don masu wucewa su gani. Na tara abokaina suka kewaye shi. Na raɗa masa Zaki. Kullum sai in tsaya a kansa in kumbura murya: "Zaki, tashi! Zaki, kwanta!" Shi kuwa sai ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu yana makyarkyata. In igiya ta kwance, ƙarƙashin rumbu yake shigewa, sai na jawo shi ta ƙafa. Abinci kuwa na bar wa mata, ai namiji ba ya yawo da ƙwaryar tuwon kare.

Wani abokina ya ce, "Shin wanga Zaki naka, an gaya mai shi zaki ne?"

Na ce horon maharban Adar nake yi masa, sai a hankali ake ganin amfaninsa. (Ban taɓa ganin maharbin Adar yana horon ko kaza ba.)

Ita kuwa Inna, mai "ba ni ba shi", sai na fara jin ta da hantsi a gindin rumbu. Ashe har ta sa wata mai kawo daddawa kasuwa ta karɓo mata tsohon zanen marigayiyar. Takan tsuguna, ta tafa hannu a hankali, ta sirantar da murya kamar mai lallashin jinjiri: "Wa-ya-kira-kaaa, ɗan Inna, zo ka ci tuwo, zo ɗan maraya." Sai ka ga hanci ya leƙo, sannan kunne, sannan kare gaba ɗaya yana kaɗa wutsiya. Ni kuwa in tsaya ina mata dariya, ina cewa tana lalata mini horo.

Ana nan sai sanƙira ya zaga gari: Bature zai kwana Illela a kan maganar iyaka da haraji. Ku yaran yanzu ba za ku gane irin tsoron da ake ji ba. Ba a daɗe ba da muka ji labarin wani gari kusa da Sakkwato da aka baje saboda sun yi wa Turawa tsageranci. Kalma guda in ta karkace, sai mutum ya tafi Sakkwato da igiya a ƙugu, wani ya dawo, wani shiru. Mai gari ya ce a share hanya, a ɗaure dabbobi, duk magidanci ya fito, kuma ko tari mutum ya haɗiye abinsa. Aka koya mana gaisuwar da ake yi wa Bature: ka dunƙule hannu ka ɗaga, ka ce "Zaki!" Na koya, har na koya wa wasu. Kuma na rantse muku, ƙwaƙwalwata ba ta haɗa wannan Zaki da na ƙofar zaurenmu ba.

Na ƙara wa kare ƙulli, na zura babbar rigar mahaifina wadda ta yi mini yawa, na kutsa har sahun dattawa na zauna. Na ji an ce Turawa suna neman wanda ya san hanyoyin daji, na ce bari idon Bature ya faɗa kaina.

Ya faɗa kuwa.

Bature yana zaune kan kujera a gindin tsamiya, fuskarsa ja kamar gauta, tafinta a tsaye gefensa, soja da bindiga a bayansa. Can baya kukunsa yana gasa zabo, ƙamshi ya cika wurin. Tafinta yana cikin bayanin duwatsun iyaka, wuri ya yi tsit, sai na hangi wani abu yana tahowa ta tsakiyar filin da aka share, yana jan guntun igiya. Ya tauna ta ya tsinke. Hancinsa a sama, ya nufi zabon nan, hanyar kuwa ta gaban ƙafafun Bature ta bi.

Na rage murya na ce, "Zaki!"

Kare ko waiwaye. Bature ya dube ni ya ɗan gyaɗa kai.

Na ƙara ɗaga murya: "Zaki! Zaki!"

Bature ya sake gyaɗa kai, har ya ɗaga mini yatsu, wai ya ji gaisuwa, ta isa. Kare ya kai gaban kujera. Na ga soja ya juya bindiga ya ɗaga gindinta zai sauke masa a ka. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, na nuna wajen da hannu, na kwarara ihu da duk ƙarfina:

"Zaki! Wa ya kira ka!"

Jama'a, na taɓa jin shiru, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Karen ya firgita ya shige ƙarƙashin kujerar Bature ya lafe, ya bar ni tsaye, yatsana yana nuna ƙirjin mai mulkin ƙasa. Dattijon da ke damana ya ja jiki. Na haguna ma ya ja. Kafin ƙiftawar ido na zama ni kaɗai a fili kamar kuka a fako. Mai gari ya dafe rawani yana salati.

Bature ya tambayi tafinta, tafinta ya fassara. Fuskar nan ja ta ƙara ja. Soja ya tako ya kama wuyan rigar mahaifina.

Tafinta ya ce, "Bature ya ce, kai wane ne da za ka tambaye shi wanda ya kira shi?"

Na zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, da kare nike! Sunanshi ke nan, wallahi sunanshi ke nan!"

"To, Zakin da ka fara kira fa?"

Nan ne ƙwaƙwalwata ta haɗa biyun, a makare. In na faɗi gaskiya, na raɗa wa kare sunan Bature. Na ce, "Wancan... wancan na Bature ne. Na bayan shi an na kare."

Wani a baya ya yi wani irin tari, na san dariya ce ta shaƙe shi.

Aka yi ta magana da Turanci. Sannan tafinta ya ce, "Bature ya ce bai taɓa jin kare mai irin wannan suna ba. Ka kira shi. In ya zo, shi ke nan. In bai zo ba, gobe ka bi mu Sakkwato ka yi bayani can."

Na gyara murya irin ta horo. "Wa-ya-kira-ka! Zo nan!" Kare ya ƙara shigewa. Na sake, ya sa kai tsakanin ƙafafu. To, me zai zo yi wurina? Ban taɓa ba shi ko loma ba. Abin da ya sani game da ni, igiya da tsawa. Na fara tunanin wanda zai riƙe Inna da jakuna.

Sai na ji muryar Baffa Jaɓɓo daga cikin taro, a natse: "Yaro, kira shi awa yadda tsohuwarka ka kiranshi."

Na dubi taron. Ga liman. Ga abokaina. Ga mata sun yi cincirindo a bayan darni suna leƙe. Na dubi soja. Na zaɓi kunya.

Na tattare babbar riga na tsuguna. Na tafa hannu a hankali. Na matse maƙogwaro na fitar da muryar da ban san ina da ita ba:

"Wa-ya-kira-kaaa... ɗan Inna..."

Yagaggen kunne ya motsa, amma kare bai fito ba.

Baffa ya ce, "Ƙara sirantawa. Ka manta tuwon."

"Wa-ya-kira-kaaa, ɗan Inna, zo ka ci tuwo, zo ɗan marayaaa!"

Hanci ya leƙo daga tsakanin takalman Bature. Ya fito yana rarrafe, ya zo ya shinshina hannuna, ya ga ba tuwo, ya dube ni irin duban da ake yi wa maƙaryaci. Sannan, don ya cika mini aiki, ya miƙe ya lashe gemun nan nawa tun daga tushe, a gaban liman.

Bature ne ya fara. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da jama'a suka ga an halatta, sai wuri ya ɓarke, tsoron da aka haɗiye tun safe duk ya fito ta dariya. Mai gari yana share hawaye da bakin rawani yana cewa, "Allah ya shirye ka, Allah ya shirye ka." Soja ya sake ni don ya riƙe cikinsa. Na ɗauka an gama, sai tafinta ya ce Bature yana son in sake, wai yana koyon Hausa, bai kama ƙarshen ba. Na sake. Ya gwada da bakinsa, bai yi daidai ba, aka ce in ƙara. Daga nan ya sa kuku ya jefa wa karen ƙafar zabo. Ni ko ruwa ba a ba ni ba, balle maganar sanin hanyoyin daji.

Da na isa gida labari ya riga ni. Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "An ce ka hi ni iyawa. To, ga ƙwaryar can, daga yau kai ka ba shi."

Na ɗauki ƙwaryar. Na jefar da igiya, na bar masa gindin rumbunsa da zanen tsohuwarsa, na riƙa kai masa tuwo da hannuna ina tsugunawa nesa kamar yadda Baffa ya yi. Kafin damina ta kama ya fara fitowa tarye ni. Ya yi ƙiba, ya hana dila sakat a kan kajin Inna, ya bi jakunana Kwanni da dawowa har ya tsufa, bai taɓa tambayar wace ƙasa ce ta wa ba.

Abin da na koya, in ka ɗauko abin da ya yi rashi, kada ka hau shi da mulki, ka bar shi ya gama kukansa, ka ciyar da shi kafin ka ba shi umarni. Kuma kada ka yi gaggawar sake wa kowa suna. Shi dai kare ya mutu da sunan da ya zo da shi. Ni kuwa yau gemuna fari fat, ina da jikoki, amma in ka shigo Illela ka tambayi gidana da sunan da mahaifina ya raɗa mini, za ka sha yawo. Ka ce gidan Ɗan Inna Zo-ka-ci-tuwo, ko makaho zai kai ka.